Yadda Za Ka Fara Kallon Tsofaffin Fina-finan 'Yan Daba na Hollywood

Yawancin waɗanda suka gwada kallon tsohon fim ɗin Amurka na baƙi da fari sukan gaji tun ba a yi nisa ba, su kashe, su ce ba shi da armashi. Sau da yawa matsalar tana ga ƙofar da aka shiga ta ita. Fina-finan aikata laifi da Hollywood ta fitar daga 1931 zuwa 1949 kamar 'yan gida ɗaya suke: kamfanin Warner Bros ne ya yi da yawa daga cikinsu, fuskoki huɗu ko biyar ne ke ta dawowa, kuma kowane fim yana ɗorawa a kan wanda ya gabace shi. Wanda ya bi su a jere zai ga abin da mai tsinta ɗai-ɗai ba zai gani ba. Ga yadda nake ba da shawarar a bi.

Kafin ka kunna komai

Abu uku za ka riƙe a ranka, don su ne suka haifi waɗannan fina-finai.

Na farko dokar hana barasa. Daga watan Janairun 1920 zuwa Disambar 1933 haramun ne a Amurka a sarrafa giya, ko a sayar, ko a yi safararta. Mashaya ba su daina sha ba, sai kasuwar ta koma hannun miyagu. Ana shigo da ita ta fasa-ƙwauri daga Kanada, ana dafa ta a ɓoye, ana sayarwa a mashayar sirri, ana toshe bakin 'yan sanda da 'yan siyasa da kuɗi. A birnin Shikago Al Capone ya zama sarkin wannan harka. Ranar 14 ga Fabrairun 1929 aka jera mutum bakwai na ɓangaren abokan gabarsa a jikin bangon wani gareji aka bindige su. Da hukuma ta tashi kama shi a 1931, da laifin ƙin biyan haraji ta same shi, aka yanke masa shekara 11. Duk mai karanta jarida a lokacin ya san wannan labari, saboda haka fina-finan ba sa ɓata lokaci wajen bayani.

Na biyu talauci. Kasuwar hannun jari ta rushe a watan Oktoban 1929, miliyoyin mutane suka rasa aiki. Mai kallon da ya biya kuɗin sinima da ƙyar yana ganin ɗan talaka irinsa ya sa kwat mai tsada, yana ba da umarni ana bi. Ya san hanyar ba ta da kyau, amma zuciyarsa na tare da shi. Wannan jan zuciya biyu shi ne ƙashin bayan kowane ɗaya daga cikin fina-finan nan.

Na uku sauti. Sai a 1927, da The Jazz Singer, aka fara jin muryar ɗan wasa a babban fim. Ƙarar bindiga, ƙugin taya a kan kwalta, jiniyar 'yan sanda, duk sababbin abubuwa ne a kunnen jama'a. Kuma da yake ana buƙatar masu iya magana, sai kamfanoni suka kwaso 'yan wasan dandamali daga New York. Edward G. Robinson, James Cagney, Paul Muni da Humphrey Bogart duk daga can suka fito.

Shirya wurin kallo

Hoton waɗannan fina-finai kusan murabba'i ne, ba mai faɗi irin na yanzu ba. In ka ga baƙi a gefen dama da hagu na allon wayarka ko talabijin, ka bar shi haka. Kada ka miƙe hoton ya cika allo, fuskoki za su kumbura, kuma za ka lalata tsarin da mai kyamara ya yi wahala a kai. Ka kashe fitilar ɗaki, domin rabin labarin a cikin inuwa yake. Ka sa abin ji a kunne, ka kuma kunna rubutun ƙasan allo ko da Turancinka ya nuna, don Cagney yana magana da sauri ƙwarai, ga kuma karin maganar 'yan titi na zamanin da yanzu ba a yi.

Abin daɗin shi ne ba su da tsawo. Da yawa daga na farkon ba su wuce awa ɗaya da rabi ba, kuma da yake baƙi da fari ne, ko a matsakaicin inganci aka sauke suna kalluwa, ba sai an ƙone data ba. Wasu haƙƙin mallakarsu ya faɗi, ana samunsu kyauta ta halastacciyar hanya a shafin Internet Archive da YouTube, kamar Scarlet Street da Detour na 1945, da The Stranger na 1946. Manyan na Warner Bros kuwa suna hannun masu su, sai dai haya ko saye. Ka duba kwafi biyu ko uku kafin ka zauna, domin akwai waɗanda suka dushe har ba a bambance fuska da bango.

Uku na farko, a wannan jerin

Ka fara da Little Caesar na 1931, wanda Mervyn LeRoy ya ba da umarni. Edward G. Robinson ne Rico, ƙaramin ɗan fashi da ya shigo birni da niyyar sai ya zama wani. Robinson gajere ne, mai faɗin baki, ba shi da siffar jarumi ko kaɗan. Haifaffen Bukares ne ta ƙasar Rumaniya, a 1893, sunansa na yanka Emanuel Goldenberg, kuma a zahiri mutum ne mai ladabi da son tara zane-zane masu daraja. Abin da za ka sa wa ido a nan shi ne yunwar girma. Lokacin da yake tashe, Rico ba ya shan giyar da ake kashe-kashe a kanta, mata ma ba su dame shi ba. Zoben oga yake kallo, da allurar lu'ulu'u da ke maƙale a lakatayensa. Akwai inda ya hau tebur don ya ga kansa sosai a madubi cikin kayan biki, yana juyawa kamar bai yarda shi ba ne. Da aka buga hotonsa a jarida, da kansa ya fita ya sayo kwafi da yawa. Daga ƙarshe 'yan sanda ta wannan ƙofa suka shigo masa: suka sa aka rubuta a jarida cewa matsoraci ne, ya kasa haƙuri ya ɗaga waya don ya rama, suka gano inda yake. Fim ɗin yana da ɗan nauyin tafiya, kyamara ba ta cika motsi ba saboda na'urorin ɗaukar sauti na lokacin. Ka daure, Robinson zai biya ka.

Na biyu The Public Enemy, shi ma 1931, na William Wellman. Nan za ka ji bambanci nan take. An fara ɗaukar fim ɗin da Edward Woods a matsayin babban jarumi, Cagney kuma abokinsa, amma da aka ga yadda Cagney ke cinye kowace fitowa sai aka musanya musu. Cagney ɗan rawa ne tun asali, ya tashi a unguwannin talakawa na New York, kuma a ƙafarsa za ka gane haka. A kan yatsun ƙafa yake tafiya, jikinsa ba ya zama wuri ɗaya, ko soyayya zai nuna wa mahaifiyarsa sai ya ɗan dunƙule hannu ya taɓa haɓarta. Labarin ya faro tun Tom Powers yana yaro a 1909, yana 'yan sace-sace, har dokar hana barasa ta buɗe masa kasuwa.

Ka lura da yadda Wellman ke ɓoye kisa. Sau da yawa kyamara takan kau da kai, ƙarar kawai za ka ji. Lokacin da Tom ya shiga maɓoyar abokan gaba shi kaɗai cikin ruwan sama, mu a waje aka bar mu. Harbi, ihu, sannan ya fito yana tangaɗi ya faɗi a bakin kwata. Ya fi tsoratarwa a kan a nuna jini. Akwai kuma fitowar da aka fi tunawa da ita, inda ya murza wa budurwarsa, wadda Mae Clarke ta fito a matsayinta, ɓarin wani babban lemo a fuska suna cikin karin kumallo. Wasu na kallonta da dariya. Ni ban ga abin dariya ba, wulaƙanci ne tsagwaronsa, kuma a nan ne fim ɗin ya nuna maka ainihin mutumin da ka fara so. Ƙarshen wannan fim kada ka bari kowa ya ba ka labarinsa.

Na uku Scarface na 1932. Ba wanda Al Pacino ya yi a 1983 ba, wancan maimaicin wannan ne. Howard Hawks ya ba da umarni, attajiri Howard Hughes ya zuba kuɗi, Ben Hecht, tsohon ɗan jarida a Shikago, ya rubuta. Shi ne mafi zafi a cikin ukun, kuma shi ya fi kusa da labarin Capone. Paul Muni ya fito da Tony Camonte a matsayin ƙaton yaro marar tunani, wanda ranar da ya fara riƙe mashinga ya yi murna kamar an ba shi kyauta. Ga aikin da zan ba ka: nemi alamar X. Kusan duk inda za a kashe mutum sai ta bayyana, a katakon rufi, a ƙofar ɗaki, a inuwar taga, a takardar ƙirga maki lokacin da aka harbe Boris Karloff a wurin wasa. Ka kuma kalli George Raft, wanda ba ya yawan magana, sai dai ya riƙa cilla kwabo sama yana cafewa. Wannan 'yar ɗabi'a ita ta fito da shi. Ann Dvorak, ƙanwar Tony a fim ɗin, ta cancanci yabo fiye da wanda take samu.

In da hali ka ƙara da I Am a Fugitive from a Chain Gang na 1932, inda Muni ya fito a matsayin tsohon soja da aka ɗaure da sarƙa ana sa shi aikin bauta a gidan yari. An ɗauko shi daga labarin gaskiya na Robert Elliott Burns, wanda ya tsere daga irin wannan ɗauri a jihar Jojiya.

Shekarar 1934: abin da takunkumi ya canza

Yanzu ka tsaya ka fahimci dalilin da ya sa fina-finan da ke tafe suka sha bamban. Tun 1930 ƙungiyar kamfanonin fim, ƙarƙashin Will Hays, ta rubuta ƙa'idojin ɗa'a, amma ba a cika bin su ba. Da matsin lamba ya yi yawa, musamman daga cocin Katolika, sai daga watan Yulin 1934 aka kafa ofishi ƙarƙashin Joseph Breen, wanda dole kowane fim ya sami takardar amincewarsa kafin ya fita. Ba a yarda a ja zuciyar mai kallo zuwa ga mai laifi ba, ba a yarda a koyar da dabarun aikata laifi dalla-dalla ba, kuma dole mugu ya girbi abin da ya shuka. Wanda ya saba jin muhawara kan Hukumar Tace Fina-finai ta Kano zai gane yanayin, sai dai wannan ofishi na masu sana'ar ne da kansu, sun kafa shi don kada gwamnati ta riga su.

Kamfanoni ba su yar da kasuwa ba, dabara suka sake. A G Men na 1935 aka mayar da Cagney jami'in FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka. A Bullets or Ballots na 1936 Robinson ya zama ɗan sandan da ya kutsa cikin miyagu. Bindiga na nan, duka na nan, rigar kawai aka canza. Ɗaya daga cikin biyun ya ishe ka ka gane salon.

Inda ya kamata ka zauna sosai shi ne Angels with Dirty Faces na 1938, na Michael Curtiz. Yara biyu suka yi sata a taragon jirgin ƙasa, aka bi su. Ɗaya ya tsallake shinge ya tsira, ya girma ya zama limamin coci. Ɗayan aka kama, gidan horon yara ya ƙara kangarar da shi, ya fito gawurtaccen ɗan daba mai suna Rocky Sullivan. Bambancinsu gudun ƙafa ne kawai. Cagney ne Rocky, Pat O'Brien ne fada. Cagney ya faɗa da bakinsa cewa ɗaga kafaɗar da Rocky ke yi, daga wani ɗan iskan unguwarsu ya kwaikwayo ta. Yaran unguwa sun ɗauki Rocky gwarzo. Da aka yanke masa hukuncin kisa, abokinsa ya zo ya roƙe shi abu mafi wuya: ya nuna tsoro a hanyar kujerar lantarki, ya mutu a matsayin matsoraci, don yaran su daina koyi da shi. Rocky ya ƙi. Amma da aka isa ɗakin sai ya ɓarke da kuka da roƙo, kuma ba a nuna mana fuskarsa ba, inuwarsa a bango da hannuwansa da ake ɓamɓarewa kawai muke gani. Tsoro ne ya kama shi da gaske, ko sadaukarwa ya yi? Masu tacewa sun sami abin da suke so, mugu ya mutu a wulaƙance. Mai kallo kuma ya fita da tambayar da ba ta da amsa. A ganina babu inda takunkumi ya haifi fasaha kamar wannan wuri. Ka kalle shi da wani, ku yi gardama a kai bayan an gama.

Sai The Roaring Twenties na 1939, na Raoul Walsh, wanda ya waiwayi zamanin gaba ɗaya: sojoji uku da suka haɗu a ramin yaƙi a Faransa, suka dawo gida ba aiki, barasa ta ɗaga su, rushewar kasuwa ta kayar da su. Ka kula da Gladys George, mai gidan rawa da ta so Cagney ba tare da ya lura ba.

Ka bi ɗan wasa ɗaya

Zuwa nan ka riga ka ga Humphrey Bogart sau biyu ko uku, kullum a gefe, kullum shi ne maci amanar da ake harbewa kafin a tashi. Yanzu ka koma ka bi sawunsa. A The Petrified Forest na 1936 ya fara fice, kuma da ƙyar ya sami rawar: kamfani ya so ba wani, Leslie Howard, wanda suka yi wasan tare a dandamali, ya dage sai da Bogart. Bogart bai manta ba, ya sa wa 'yarsa suna Leslie. Ya shafe shekaru yana bos na biyu, har 1941, lokacin da George Raft ya ƙi karɓar High Sierra. Nan Bogart ya fito a Roy Earle, ɗan fashin da ya tsufa, ya gaji, zamani ya wuce shi. Ko a lokacin sunan jarumar fim ɗin, Ida Lupino, ne a sama da nasa. A shekarar dai John Huston ya ba da umarnin fim ɗinsa na farko, The Maltese Falcon, daga littafin Dashiell Hammett, Bogart ya zama mai bincike Sam Spade.

Ka kwatanta shi da Cagney. Cagney da dukan jikinsa yake wasa, Bogart kuwa da tsayuwa cik da sauraro. Idan wani na magana, kalli fuskar Bogart, ba mai maganar ba. A The Maltese Falcon kada ka damu in ka rikice da wa ya yaudari wa, kowa ma yakan rikice a kallon farko. Ka more Peter Lorre da Sydney Greenstreet, wanda wannan ne fim ɗinsa na farko yana da shekara 61.

Lokacin da laifi ya shigo cikin gida

Daga 1944 salon ya juya. Mai laifi ya daina zama shugaban daba mai yara, ya zama ma'aikacin ofis da kwaɗayi ko sha'awa ta ja. Masu sharhi a Faransa, da suka ga waɗannan fina-finai bayan yaƙin duniya na biyu, su suka raɗa musu suna film noir, wato baƙin fim, a 1946. Da yawa daga daraktocin daga Jamus da Ostiriya suka zo, irin su Fritz Lang da Billy Wilder, suka taho da salon haske da inuwa mai kaifi.

Double Indemnity na 1944, na Wilder, shi ne inda za ka fara. Dillalin inshora, Fred MacMurray, ya haɗa baki da matar aure, Barbara Stanwyck, su kashe mijinta su ci kuɗin inshora. Tun a mintunan farko ya amsa laifinsa, saboda haka abin da ke riƙe ka shi ne yadda igiya ke shaƙe su a hankali. Robinson na nan, yanzu a matsayin mai binciken ƙaryar masu neman diyya. Ka sa ido kan ashana: kullum Robinson na laluben aljihu ba ya samu, MacMurray ne ke ƙyasta masa da babban yatsa ya kunna masa sigari. Ka ƙirga sau nawa, ka ga abin da ya faru a karo na ƙarshe. Duk ƙaunar da ke tsakanin mutanen biyu a nan aka ajiye ta, ba tare da dogon zance ba.

Daga nan ka kalli Scarlet Street na Lang. Robinson ɗin da ya razana mutane a 1931 ya koma tsohon kashiya mai sanyin hali, matarsa na yi masa tsawa yana wanke kwanuka, wata budurwa da saurayinta suna tatsar sa. Wanda ya ga Little Caesar da farko ne kawai zai ji nauyin wannan sauyi, shi ya sa na ce a bi jeri.

Wani abu da ya kamata ka shiga da saninsa: baƙar fata a waɗannan fina-finai, in ma sun fito, barorin gida ne ko abin ba'a, kuma High Sierra na da irin wannan fitowa mai ɓata rai. 'Yan asalin Italiya ma sun yi ƙorafin yadda aka riƙa nuna su a matsayin miyagu. Haka Amurka ta lokacin take, kuma gara ka gani da idonka. Ba kuma fina-finan zama da ƙananan yara ba ne, ko da babu jini a fili.

Biyun rufewa

Key Largo na 1948 shi ne karo na biyar kuma na ƙarshe da Robinson da Bogart suka haɗu, yanzu sunan Bogart ne a gaba. Robinson ya fito a tsohon ɗan daba da aka kora daga ƙasar, ya dawo a ɓoye, guguwa ta tsare shi da mutanen da ya yi garkuwa da su a wani otal a Fulorida. Farkon ganinsa yana kwance cikin bahon wanka, sigari a baki, fanka na kaɗa masa. Claire Trevor ta ci kyautar Oscar da rawar tsohuwar budurwarsa, musamman inda ya tilasta mata ta rera waƙa don ya ba ta kofi ɗaya na giya, ta gama ya hana ta.

White Heat na 1949 kuma Cagney ne ya dawo yana da shekara 50, ya yi ƙiba, ya fito a Cody Jarrett, ɗan fashi mai ciwon kai da taɓin hankali, wanda ba ya yarda da kowa sai mahaifiyarsa. Talauci da dokar barasa sun fita daga labarin, ciwon yanzu a cikin kansa yake. Akwai fitowa a ɗakin cin abinci na gidan yari, inda ya tambayi labarin uwarsa, saƙon ya bi layin fursunoni daga kunne zuwa kunne ya tafi, amsar ta biyo hanyar ta dawo. Idan ka gama fim ɗin, ka komo kan wannan wuri ka kashe sauti, ka kalli abin da Cagney ya yi da hannuwansa da ƙafafunsa daga lokacin da raɗar ta iso shi har masu gadi suka ɗauke shi. Sannan ka yi haka da fitowar ruwan sama a The Public Enemy, ka jera su biyun ka gani. Shekara 18 ce a tsakaninsu.